Ƙwayar Idon Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa mini. Duk wanda ya tashi a karkararmu, can arewa da Kano inda gona ke jingine da gona, gida na hango gida, ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunya biyu ce ta haɗu mata a kaina, ta ɗan fari da ta suruka. In tana son in yi wani abu sai ta ce wa ƙannena, “Ku ce wa waccan ta zo ta sauke tukunyar nan,” ko da kuwa ina zaune kusa da ita har inuwarmu na taɓa juna. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, a can na girma har Allah ya yi mata rasuwa. Baba yana ce mini Uwata. Yayarsa, Goggo, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, ita ma Uwata take cewa, sai dai ita da tsokana take faɗa.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. Na san wadda take ajiye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai, na san hannun da ke cusa ƙuli-ƙuli da yaji a ƙasan jakata duk ranar da zan koma makaranta. Na san gefen fuskar Inna, na san ƙeyarta, na san bayan hannunta da tabon ƙunar da ke kansa. Idonta ne kawai ban sani ba. Ba ta kallona, ni ma ba na kallonta, kuma a wurinmu haka tarbiyya take.

Ina karatun harhaɗa magunguna a jami'a malamai suka shiga dogon yajin aikin nan, muka tattaro muka dawo gida. Shekaru ne masu wuya. Taki ya fi ƙarfin manomi, man fetur ya yi ɓatan dabo, motocin da ke zuwa Tsanyawa ranar kasuwa suka ragu har mutane suka koma tafiya a ƙasa. A gidaje da yawa tuwon dare ne kawai ake ɗorawa. Ni kuwa na dawo da littattafaina da 'yan waƙoƙin da nake tsarawa a zuci, ina yini a gindin ɗorawar bayan gida ina kallon gonaki.

Goggo ce ta fara lura. Wata yamma ta ce, “Matar nan fa kwana biyu da la'asar ta yi sai idonta ya rufe kamar kazar da ta sha ruwan sama.” Ni ban ga komai ba, domin a gabana dama idon Inna a ƙasa yake. Daga nan taɓarya ta fara yi mata nauyi. Da safe za ta yi daka lafiya, da yamma ko ludayi sai ya suɓuce mata. Muryarta ta koma fita ta hanci. Ranar da koko ya sarƙe ta ya dawo ta hancinta, Baba ya daina sauraron masu cewa iska ce ko sammu. Ya sayar da awakinsa ya kai ta babban asibiti a birni. Suka dawo da sunan ciwon a rubuce, mayasteniya, da kwalbar wasu fararen ƙwayoyi.

Da na karanta sunan maganin sai na gane shi nan take, domin darasin ƙarshe ke nan da muka yi kafin a rufe makaranta, kuma ina son darasin fiye da kowanne, don ya fi kama da tatsuniya. Ashe jijiya ba ta taɓa tsoka. Akwai 'yar rata a tsakaninsu, sai jijiya ta tura ɗan aike ya ƙetara, sunansa asetilkolin. A jikin tsokar akwai makarɓai, waɗanda ni nake ganinsu kamar ƙofofi. Ɗan aiken ya yi sallama, ƙofa ta buɗe, tsoka ta motsa. Ƙofofin iri biyu ne. Akwai na tsokar hannu da ƙafa da fatar ido da maƙogwaro da numfashi, waɗanda aka raɗa wa suna daga nikotin ɗin taba. Akwai kuma na hanji da mafitsara da zuciya da inda yawu da gumi ke fitowa, har da ɗigon nan baƙi na tsakiyar ƙwayar ido, su kuma sunansu daga gubar wata laimar kwaɗi aka samo shi. Da zarar ɗan aike ya isar da saƙo, akwai wani sinadari da ke share shi nan take, kamar mai shara, don kada ya tsaya yana ta buga ƙofa.

A ciwon Inna, garkuwar jikinta ce ta juya tana lalata ƙofofin tsoka, har suka yi kaɗan. Maganin kuma aikinsa ya riƙe hannun mai sharar, ɗan aike ya daɗe a wurin ya sami ragowar ƙofofin. Amma ɗan aiken nan ba ya zaɓe. In ya yi yawa kowace ƙofa bugawa yake: yawu ya zubo, gumi ya karyo, ciki ya murɗa, zuciya ta rage gudu, ɗigon ido ya tsuke. Ita kanta tsokar, in kira ya yi mata yawa, sai ta daina amsawa. Ke nan in magani ya yi kaɗan mutum ya kwanta ba ƙarfi, in ya yi yawa ma ya kwanta ba ƙarfi, kuma duka biyun na iya tsayar da numfashi. Malaminmu ya sha nanata mana cewa wanda yake son ya bambance su sai ya dubi ido, ya kuma tambayi ciki.

Na yi wa Baba da Goggo wannan bayani a tsakar gida, na ɗaga murya yadda za a ji daga ɗakin Inna. Haka muke magana ni da ita, ta kan wani. Na ce a raba ƙwayoyin a yini, kowace da lokacinta, kada a haɗa, kuma muka ɗaura su a kan lokutan salla don kada a manta. Goggo ta karɓi aikin miƙa mata.

“To, likita bokan Turai,” in ji Goggo. “Mu da muka wanke miki kashi yau mu ne ɗalibanki. Allah mai iko.”

Maganin ya karɓe ta. Ba a daɗe ba muka sake jin lugudenta a turmi, ta koma dafa kalwa tana yin daddawar sayarwa. Baba har ya fara wasa yana cewa awakinsa sun yi mutuwar shahada.

Sai azumi ya kama a tsakiyar bazara. Baba ya je wurin limaminmu ya dawo ya ce mata an ɗauke mata, za a ciyar a madadinta. Ta ce to. Abin da ba mu sani ba sai daga baya shi ne ba ta ajiye azumin ba. Mace ce da ba ta taɓa shan azumi haka kawai ba, kuma ta kasa jure a ce 'ya'yanta da dangin mijinta na ganinta da ƙoƙon ruwa a hannu da rana tsaka. Sai ta riƙa karɓar ƙwayoyin rana daga hannun Goggo, ta shige ɗaki kamar za ta sha, ta ƙulle su a haɓar zani. Da la'asar jikinta ya mutu, mu kuwa mu ce zafi ne. Da abin ya ishe ta sai ta yi lissafi irin na manoma: mai zuwa gona mai nisa ai da safe yake cika cikinsa. Ga shi kuma ba ta son a yi asarar maganin da aka sayar da dabbobi aka saya. Wata rana da sahur ta kwance ƙullin, ta haɗa da na asuba, ta haɗiye su gaba ɗaya don su kai ta faɗuwar rana.

Da gari ya waye ina gindin ɗorawa. Lokacin kai taki gona ne, jakuna na wucewa da mangala a jere, ana juye tokar gida da kashin dabbobi tsibi-tsibi a kan farar ƙasa. Ina ta juya wani baiti a zuciyata a kan yadda ƙasa ke jiran ruwa ba ta ƙorafi, sai na ji Goggo ta ƙwala mini kira da muryar da ba ta tsokana ba ce.

Rabon da in shiga ɗakin Inna har na manta. Na tsaya a bakin ƙofa tukuna, kamar baƙuwa. Tana kwance a kan gado ta juya fuska bango, ta ja bargo har wuya a cikin wannan zafi. Numfashinta na fita da ƙugi, kamar ana hura ruwa da tsinke. Baba na tsaye da kwalbar magani a hannu.

“Ciwon ne ya dawo,” in ji Goggo. “Ko hannu ta kasa ɗagawa. Na ce a jiƙa mata biyu a ɗura mata, shi kuma ya ce sai an kira ki.”

Baba ya ce, “Uwata, nawa za a ba ta?”

Ya riga ya buɗe murfin. Na dubi kwalbar, na dubi bayan Inna. In ciwon ne ya taso, ƙwayar nan ce za ta riƙe mata numfashi har mu isa asibiti. In kuwa maganin ne ya yi yawa, ita ce za ta ƙarasa ta a kan gadon nan. Na ga matashin kanta ya jiƙe sharkaf. Na kuma ji wani wari a ɗakin, na yi kamar ban ji ba.

Na ce, “Baba, a nemo mota tukuna. Ko ma mene ne sai an kai ta.”

Ya ajiye kwalbar a kan samira ya fita da sauri. Na ji daɗin fitarsa, domin abin da zan tambaya ba ya tambayuwa a gabansa.

Na ce, “Goggo, ki tambaye ta ko cikinta na murɗawa.”

Goggo ta sunkuya. “Ke, an ce cikinki na ciwo?”

Inna ta girgiza kai a hankali.

“Ki tambaye ta ko ta yi… ko ta zaga da safen nan.”

“An ce kin yi gudawa?”

Ta sake girgiza kai, ta ƙara ƙanƙame bargon da 'yan yatsun da suka rage mata ƙarfi. Na san ba za ta amsa ba muddin ina wurin, kuma in na fita babu mai sanin abin da za a duba. Sai na kunna fitilar wayata na miƙa wa Goggo.

“Ki buɗe idonta ki haska. A tsakiyar baƙin akwai wani ɗigo da ya fi baƙi. Ki gaya mini babba ne ko ƙarami.”

Goggo ta karɓa ta leƙa, ta karkata kai, ta sake leƙawa.

“Ido ne dai irin na mutane. Baƙi ne da fari.”

“Ɗigon tsakiya, Goggo.”

“Ke Uwata, ni da rabona da ganin kafar allura tun kina goye? Yanar idon nan tawa kike so ta gano miki ɗigo? Zo ki duba da kanki, ba ke ce mai karatun ba?”

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai tashi a cikinmu ba nauyin abin da ta ce in yi. Na ji kamar an ce in tuɓe a tsakiyar kasuwa. Na tuna ranar da aka kawo sakamakon jarrabawata, gida ya cika da guɗa, Inna ta ɗauki tulu ta tafi rijiya don kada a ga farin ciki a fuskarta. Matar da ta yi shekara da shekaru tana kiyaye wannan, yau ni zan sa yatsa in buɗe mata ido.

Ƙugin ƙirjinta ya ƙaru. Na durƙusa a gaban gadon.

Na ce, “Inna.”

Ina faɗin kalmar nan kullum in ina magana a kanta, amma ban taɓa jefa mata ita kai tsaye ba. Ta fito mini a baki kamar ta aro.

“Inna, ki yi haƙuri, ki yafe mini. Zan duba idonki.”

Ta runtse ido gam, ta yi ƙoƙarin jan mayafi ta rufe fuska, hannun ya kasa kaiwa.

Goggo ta tafa hannu. “La'ilaha illallahu! Kunya ce za ta kai ki kushewa? Wai ke kika haife ta ko ita ta haife ki? Yarinyar da ta kwana wata tara a cikinki, me ya rage da ba ta gani ba? Juyo nan, don Allah, kada ki mayar mini da ƙane gwauro da tsufansa. Wa zai aure shi da wannan furfurar?”

Goggo ta kama kafaɗarta ta juyo da ita. Yawu na dalala ta gefen bakinta, gumi ya jiƙa goshinta har gashi. Na sa babban yatsana a kan fatar idonta. Fatar na rawa a ƙarƙashin yatsan, ɗumi gare ta, taushi kamar ta jariri. Na ɗaga.

Ɗakin da duhu-duhu, ya kamata ɗigon ya buɗe sosai. Na haska daga gefe, na nema, da ƙyar na same shi. Bai kai ƙwayar gero ba. Na duba ɗayan, haka yake. Idon ba baƙi ƙirin ba ne kamar yadda na zata duk tsawon rayuwata, ruwan ƙasa ne mai duhu, da wani ɗan tabo a farin na hagu. Ya cika da hawaye yana zuba ta gefe zuwa kunne. Maganin na sa hawaye, na sani, don haka har yau ban san ko nasa ne ko nata ba. Ba ta da inda za ta kai idon, tunda ni na riƙe fatar. Ta dube ni. Ni na fara kawar da kai.

Na kama wuyan hannunta, bugun na zuwa a hankali, da tazara mai tsawo. Na kusa tabbata, amma ran mutum ake magana, kuma an ce a tambayi ciki. Na kama gefen bargon. Ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ba magana ba, irin na roƙo. Na ce, “Ki yafe mini,” na ɗaga.

Zanin ya ɓaci, har katifa. Tsokar sha-raɓarta na motsi ita kaɗai a ƙarƙashin fata, nan ta harba, can ta harba. Na mayar da bargon da sauri kamar ya ƙone ni. Amma Goggo ta riga ta ga wani abu dabam. Ta jawo haɓar zanin, ga alamar ƙulli a kwance, ga farin gari-gari a jiki da ɓarin ƙwaya guda ya maƙale.

Goggo ta daɗe tana kallonsa. Muryarta ta sauka.

“Azumi kike yi?”

Inna ta rufe ido.

“Duk wanda nake ba ki da rana nan kike tarawa? Yau kika shanye?”

Ta gyaɗa kai kaɗan.

“Kai, jama'a,” in ji Goggo.

Na ɗauki kwalbar na rufe na cusa a aljihun rigata. Muka kwantar da ita a gefe don yawun ya riƙa fita waje, na sa gefen mayafina na share mata baki. Goggo ta ce in kawo ruwa da wani zani. Na kawo, na tsaya na juya musu baya ina riƙe da buta, ina miƙawa ta baya in an ce miƙo. Na ƙura wa jeren kwanonin Inna ido, ina jin ƙarar ruwa a cikin roba, ina fatan ƙasa ta tsage.

Baba ya dawo da maƙwabcinmu mai a-kori-kura, wanda ke ɗaukar albasa zuwa kasuwa. Sai da suka sayo mai a wurin 'yan bumburutu kafin motar ta tashi. Yana shigowa ya dubi kan samira.

“Ina maganin? An ba ta?”

Na ce, “Ba za a ƙara mata ko ɗaya ba, Baba. Shi ne ya yi yawa.”

“Maganin da ya tashe ta? Uwata, kin tabbata? Dubi fa yadda take, haka ta yi wancan karon.”

“Na tabbata.”

“Ta yaya kika sani?”

Ba zan iya gaya wa mahaifina abin da na gani a ƙarƙashin bargon matarsa ba. Na sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da sata.

Goggo ta ce, “Ta sani. Kai dai kama ƙafafun, surutun me kake yi?”

Aka shimfiɗa katifar yara a bayan motar. Gwiwoyin Goggo ba sa lanƙwasuwa, ta shiga gaba. Baba ya tsuguna wajen ƙafafu. Ni aka bar wa kan, na ɗora shi a cinyata. Hanyar burji ce mai ramuka, ta ratsa ta tsakiyar gonaki, masu sharar gona na ɗagowa suna yi mana Allah ya sauwaƙe. Goggo ta lulluɓe mata fuska da mayafi kafin mu fito, ni kuma dole in ga leɓɓanta in ga ko numfashi na fita. In na yaye sai in ga yatsunta na lalube suna neman gefen mayafin. Daga baya na samo dabara, na riƙe mayafin sama kaɗan kamar rumfa, yadda zan ga bakinta da hancinta, idonta kuma yana rufe a ciki. Da na yi haka sai yatsun suka daina motsi. Haka muka tafi, warin albasa na tashi, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina ƙirga numfashinta ina ɓata lissafin.

A asibiti bakina ya buɗe, domin da baƙo nake magana. Na gaya wa likitan sunan ciwon da sunan maganin da abin da ya faru, na miƙa masa kwalbar. Ya duba ido, ya saurari ƙirji, ya sa aka yi mata allurar atrofin, wadda ke toshe ƙofofin nan na yawu da hanji da zuciya don ɗan aiken ya rasa inda zai buga. Ina tsaye na ji ƙugin ƙirjinta na raguwa, bakinta ya fara bushewa, bugun zuciyar ya ɗago. Amma allurar ba ta kai ga ƙofofin tsoka, wannan sai jiki ya rage maganin da kansa. Aka sa mata iskar numfashi a hanci, aka ce a zuba ido, in ƙirjin ya gaza sai a wuce da ita birni. Muka zauna a baranda. Baba yana jan carbi, Goggo na fifita da gefen gyale tana faɗa da ƙudaje. Babu wanda ya tuna da ƙishirwa. Can wajen la'asar ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ta ɗaga hannu da kanta ta gyara ɗankwali.

“Ɗankwali!” in ji Goggo. “Mutum na bakin kabari, abin da ya dame shi ɗankwali.” Sai ta fashe da kuka.

Washegari da hantsi likitan ya zo zagaye. Za a mayar da ita kan maganin a hankali, don haka yana bukatar ya ji komai daga bakinta. Ina zaune a kan tabarma a gefen gadon, Goggo na kan kujera.

Ya ce, “Mama, yaya cikin? An sake zagawa? Fitsari fa, yana riƙuwa?”

Inna ta dubi bango.

Ya sake tambaya da ƙarfi, yana zaton ba ta ji ba. Shiru. Ya juyo gare ni. “Ko maganar ce ta ƙi fita? Jiya ta yi magana?”

Goggo ta ce, “Likita, bakinta ƙalau. Waccan ce 'yar farinta.”

Ya dube ni, ya dubi Inna. Da alama shi ma ɗan karkara ne, domin bai tambayi ma'anar hakan ba. Ya ce, “To, malama, ko za ki ɗan ba mu wuri?”

Na tashi na fita, mayafina na harɗe mini ƙafa. Na tsaya a baranda kusa da taga, ba da niyyar saurare ba, nan ne kawai inuwa take. Sai na ji muryar Inna. Ta fito sarai, ba ta hanci ba. Ta ba shi labarin murɗawar cikin tun daga farko, da yadda ta ji harshenta na rawa, da yadda ta so ta tashi ta kasa. Ta tambaye shi ko za ta iya komawa dakanta, ko hayaƙin dafa kalwa zai cuce ta. Ta ce masa ita fa ba ta ƙi shan magani da rana ba, idon mutane ne. Ya ce mata wani abu da ban ji ba, har ta yi 'yar dariya. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Ashe tana da ɗan jan harshe a ƙarshen zance, irin na mutanen garinsu.

Na so in tsaya in ƙara ji. Amma ba don ni take faɗa ba, kuma da ta san ina wurin da ta yi shiru. Na sauka daga barandar na tafi can gindin wata darbejiya inda masu jinya ke shanya, na zauna a inda muryar ba ta kaiwa.

Ina nan zaune Goggo ta fito da kwanon sha a hannu tana nemana.

“Uwata, tashi ki nemo koko mai zafi a bakin ƙofa. An ce ta sha ta haɗiyi ƙwaya ɗaya, yanzu, da ranar nan.”

Na ce, “Ta yarda?”

“Ta yarda. Amma ta ce in kin kawo ki ba ni a nan waje, ni in shigar mata.”

Na karɓi kwanon na tafi.